Injin wanke kwanuka: ruwan da yake sha da wutar da yake ci

Injin wanke kwanuka, wanda ake kira lave-vaisselle da Faransanci, na'ura ce da ke wanke faranti da kofuna da cokula ta hanyar fesa musu ruwan zafi mai sabulu, sannan ta ɗauraye su ta busar. Sama da rabin gidajen Faransa da Jamus suna da shi. A Nijar kuwa bai yaɗu ba, sai jefi-jefi ake ganinsa a shagunan kayan lantarki ko cikin kayan gwanjo da ke shigowa daga Turai. Masu tallarsa sukan ce yana tsimin ruwa da wuta fiye da wankin hannu. Maganar tana da tushe, amma a gidajen Turawa aka yi awon da ta dogara a kansa. A garin da ake sayen ruwa jarka-jarka wurin ƴan garuwa, kuma kuran yake zuwa yana tafiya, sai an sake lissafin kafin a fitar da kuɗi.

Asalinsa

Wata Ba'amurkiya mai suna Josephine Cochrane, daga jihar Ilinoi, ita ce ta ƙirƙiro injin farko da ya samu karɓuwa a kasuwa. Ta samu takardar mallakar fasaharta a watan Disamba na 1886, kuma ta baje shi a babban bikin baje-koli na Shikago a 1893. Wasu sun riga ta gwadawa, amma nata ya bambanta domin ƙarfin feshin ruwa ne yake wankin, ba buroshi ba. Otal-otal da gidajen abinci ne suka fara saye, saboda yawancin gidaje a lokacin ba su da isasshen ruwan zafi. A Turai, kamfanin Miele na Jamus ya fitar da mai aiki da lantarki a 1929. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, musamman daga shekarun 1970, injin ya zama kayan gida na yau da kullum a ƙasashe masu arziki.

Yadda yake aiki

Injin ba ya cika cikinsa da ruwa. A kowane zango yana ɗibar kamar lita 3 zuwa 4 ya tara a ƙasansa, sai wani ɗan famfo ya tura ruwan cikin hannuwa biyu ko uku masu ƙananan huji. Hannuwan suna juyawa suna fesa ma kwanukan ruwa, ruwan ya gangaro ta matata, famfon ya sake tura shi sama. Haka ruwa guda zai yi ta zagayawa har zangon ya ƙare, sannan a zubar da shi a ɗebo sabo. Sirrin tsimin ruwan ke nan.

Wanki ɗaya yakan ƙunshi jiƙo da ruwan sanyi, babban wanki da ruwan zafi da sabulu, ɗauraya ta tsakiya, ɗauraya ta ƙarshe da ruwan zafi, sai busarwa. Injinan zamani da dama suna da wata na'ura da ke auna gurɓacewar ruwa ta hanyar haska shi. Idan ta ga kwanukan ba su yi dauɗa sosai ba, sai ta rage ruwa da lokaci.

Ruwan da yake sha

Sabon inji babba irin na Turai, mai faɗin santimita 60, yana shan tsakanin lita 9 zuwa 12 a wanki ɗaya idan an sa shi a tsarin tsimi, wato wanda aka rubuta ma eco. Wannan bai kai rabin jarka mai lita 25 ba. Na shekarun 1990 sukan sha lita 20 ko fiye. A Amurka, dokar da ta fara aiki a 2013 ta hana babban inji wuce galan 5, kimanin lita 19, a wanki ɗaya. Wanda ke son samun tambarin tsimi na Energy Star kuma, tun 2023 bai kamata ya wuce kimanin lita 12 ba.

Ruwan da injin ke sha kusan ɗaya ne, ko an cika shi da kwanuka ko faranti biyar kawai aka saka. Wasu injinan suna da maɓallin rabin kaya, amma ba ya rage ruwa da wuta da rabi, ɗan kaɗan yake ragewa.

Wutar da yake ci

Ana auna cin wuta da kilowat-awa, wanda ake rubutawa kWh a faktir ɗin Nigelec. Injin zamani a tsarin eco yana cin tsakanin rabin kilowat-awa zuwa 1 a wanki ɗaya. Don kwatance, fanka mai wat 60 da ta yi awa 15 tana juyawa ta ci kusan kilowat-awa 1.

Kusan kashi 80 cikin 100 na wutar yana tafiya ne wajen ɗumama ruwa da kwanuka da jikin injin. Famfon da ke fesa ruwa kaɗan yake ci. Ƙara ma lita ɗaya ta ruwa zafi da digiri ɗaya yana buƙatar wat-awa 1 da ɗan ɗoriya, don haka ɗaga lita 10 daga digiri 15 zuwa 55 yana cin kusan rabin kilowat-awa. Shi ya sa tsarin eco yake wanki da ruwa mai digiri 45 zuwa 50, ya kuma ɗauki awa 3 zuwa 4: ana ba sabulu lokaci ya narkar da dauɗa maimakon a ƙara wuta. Mutane da yawa suna zaton dogon wanki ya fi cin kuran, alhali shi ne mafi sauƙi. Tsarin tukwane mai digiri 70 ya fi shi ci nesa ba kusa ba, haka ma gajeren tsari na awa ɗaya yakan fi shi ci, domin da zafi yake cike gurbin lokacin da aka rage.

Akwai kuma bambanci tsakanin jimillar wutar da aka ci da ƙarfin da injin ke ja a lokaci guda. Sa'ad da yake ɗumama ruwa yana jan wat 2000 ko fiye, kwatankwacin dutsen guga biyu a tare. Mintuna kaɗan yake yi a haka, amma ya isa ya sa kontar ƙaramin gida ta katse wuta idan firigo da na'urar sanyaya ɗaki suna kunne.

Karanta takardar da ke jikinsa

Duk injin da aka sayar sabo a Tarayyar Turai yana ɗauke da takarda mai layuka kore zuwa ja. Tun ranar 1 ga Maris 2021 aka sauya ta, ta koma daga A zuwa G, aka daina amfani da A+, A++ da A+++. Takardar tana nuna wutar da injin ke ci a wanki 100 na tsarin eco, da litocin ruwa a wanki ɗaya, da tsawon lokacin wankin, da ƙarar da yake yi, da yawan kayan da yake ɗauka.

Ga babban inji mai ɗaukar kayan cin mutum 14, ajin A yana nufin kimanin kilowat-awa 54 a wanki 100, ajin E kuma kimanin 95. Mai sayen na gwanjo ya lura cewa tsohuwar takarda da sabuwa ba ma'auni ɗaya ba ne. Injin da ya samu A++ a da, yau galibi a ajin E yake faɗawa. Tsohuwar takarda kuma jimillar shekara take nunawa, a kan wanki 280, saboda haka sai an raba adadin da 280 kafin a san cin wanki ɗaya.

Abin da takardar ke kira kayan cin mutum ɗaya shi ne jerin da Bature ke amfani da shi a tebur: faranti uku, kofin gilashi, kofin shayi da mazauninsa, wuƙa, cokali mai yatsu da wasu cokula. Babban inji yana ɗaukar irin wannan jeri 12 zuwa 14. A gidan da ake zuba tuwo a kwano ɗaya a ci tare, wannan ma'auni bai faɗi komai ba game da yawan kayan da za su shiga.

Inji ko hannu

Binciken da aka fi kafa hujja da shi shi ne na Jami'ar Bonn a Jamus, ƙarƙashin Farfesa Rainer Stamminger, a farkon shekarun 2000. An ba mutane 113 daga ƙasashen Turai bakwai kayan cin mutum 12, wato abubuwa 140, kowa ya wanke yadda ya saba a gida. A matsakaici kowannensu ya kashe lita 103 na ruwa, da makamashin kilowat-awa 2 da rabi, da mintuna 79. Injin wancan zamani ya wanke kaya iri ɗaya da kimanin lita 15. Daga nan ne maganar tsimin ruwan inji ta samo ƙarfi.

Sai dai binciken ya nuna tazara mai faɗi tsakanin mutanen. Waɗanda suka bar pompo yana zuba tun daga farko har ƙarshe sun ninka matsakaicin, masu tara ruwa a mazubi kuma sun yi ƙasa da shi ƙwarai. Makamashin da aka lissafa ma wankin hannu kuwa na ɗumama ruwa ne, domin a Turai da ruwan zafi ake wanke-wanke.

A 2020 masu bincike na Jami'ar Michigan a Amurka sun kwatanta hayaƙin da ke ɗumama duniya wanda kowace hanya ke haddasawa, har da na ƙera injin. Sun gano cewa wanki a ƙarƙashin pompo mai zuba ya fi kowace hanya ɓarna, inji ya fi shi dama-dama, amma wankin mazubi biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraya, ya ɗan fi injin ma sauƙi.

Wannan hanya ta mazubi biyu ita ce matan ƙasar Hausa suka daɗe suna bi: roba ɗaya ta ruwan sabulu, ɗaya ta ɗauraya, da soso, da toka ko yashi don gindin tukunya. Idan kowace roba ta ɗauki lita 10, wankin ya tsaya a lita 20, kuma da ruwan da ba a ɗumama ba. Ke nan a irin wannan gida injin zai iya rage kamar lita 10 a wanki ɗaya, amma zai ƙaro kuɗin wuta da a da babu shi sam. Gidan da ke da wurin wanke-wanke na zamani, inda ake sakin pompo yana zuba, shi ne zai ga ragi na gaske a faktir ɗin ruwa. Pompon ɗakin girki yana iya zubar da lita 6 zuwa 12 a minti ɗaya, ma'ana minti biyu na sakaci sun kai wankin inji guda.

Akwai abubuwa biyu da injin ya fi hannu ko'ina. Na farko zafi: hannun mutum ba ya jure ruwan da ya wuce digiri 45 ko makamancinsa, injin kuwa yana kaiwa 60 zuwa 70, abin da ke rage ƙwayoyin cuta a jikin kwanuka. Na biyu lokaci, wanda a yawancin gidaje mata da ƴan mata ne ke biyansa, wani lokaci daga cikin lokacin karatunsu.

Sharuɗɗan da ke da wuyar cikawa a Nijar

Injin yana buƙatar ruwa mai ƙarfin turi. Yawancin kamfanoni suna neman aƙalla rabin bar, wasu bar ɗaya. Rabin bar daidai yake da ruwan da ke saukowa daga tanki mai tsayin mita 5 sama da bakin injin. A unguwannin Damagaram, inda ƙarancin ruwa ya daɗe yana addabar jama'a, da duk inda pompo ba ya kawowa sai tsakar dare, injin zai tsaya ya nuna alamar matsala idan ruwa bai shigo cikin lokaci ba. Akwai ƙananan injinan ɗora-kan-tebur masu tankinsu na kimanin lita 5 da ake cikawa da hannu. Ba su buƙatar tiyo, amma kayan mutum biyu zuwa huɗu kawai suke ɗauka.

Ta fannin wuta, Nijar ta daɗe tana sayen wani kaso na lantarkinta daga Najeriya, kuma katsewa ta fi yawa a watannin zafi. Wankin awa 3 zuwa 4 yana son wutar da ba ta yankewa. Injinan da yawa suna ci gaba daga inda suka tsaya idan wuta ta dawo, amma ruwan ya huce, sai an sake ɗumama shi. Hawa da saukar ƙarfin wuta kuma yana lalata ƙwaƙwalwar injin, wadda gyaranta ke da tsada. Mai wutar hasken rana ko ƙaramin janareto ya tabbatar na'urarsa tana ɗaukar wat 2000 zuwa 2500 a lokaci guda.

Zafin ƙasar yana da ɗan amfani a nan. A gwajin Turai ana shigar da ruwa mai digiri 15, ruwan pompo ko na tanki a Maraɗi ko Tawa kuwa yakan fi haka ɗumi sosai, musamman da bazara. Tunda ɗumama ruwa ke cinye yawancin wutar, injin zai ɗan yi ƙasa da abin da takardarsa ta nuna. Injinan da dama suna karɓar ruwa mai zafin da ya kai digiri 60, don haka gidan da ke da na'urar ɗumama ruwa da rana zai iya haɗa su ya ƙara rage kuɗin wuta.

Kayan girkin ma ba duka ke shiga ba. Tukunyar dalma da kwanukan alminiyam suna dusashewa su yi baƙi saboda ƙarfin sabulun injin. Ƙwarya, ludayi, akushi da muciya suna tsagewa. Roba marar ƙwari tana lanƙwashewa. Baƙin hayaƙin itace ko gawayi a gindin tukunya ba ya fita da feshi, haka ma ƙanzon tuwo sai an jiƙa an kankare. Babbar tukunya ɗaya kuma tana iya cinye rabin wurin. Faranti na tangaran, gilashi da baƙin ƙarfe marar tsatsa su ne suka dace da shi.

Sabulun injin na musamman ne marar kumfa. Garin sabulun wanki ko na ruwa da ake wanke-wanke da shi yana cika injin da kumfa har ya malalo. Inda ruwa ke da farar ƙasa da yawa, kamar na wasu rijiyoyin burtsatse, ana buƙatar gishiri na musamman da ake zubawa a wani aljihu a ƙasan injin. Idan babu shi, farar ƙasa za ta lulluɓe abin ɗumama ruwan ta toshe hujin feshi. Ruwan da injin ke fitarwa kuma yana da gishiri da sinadari mai kaifi, bai dace da shuka ko dabba ba, saɓanin ruwan ɗauraya na hannu da ake zuba ma itace ko a yayyafa a tsakar gida.

Yadda za a yi lissafi

A ɗauki gidan da ke kunna injin sau ɗaya kullum. Lita 10 sau 365 sun zama lita 3650 a shekara, wato jarka 146 masu lita 25. Wankin roba biyu na lita 20 sau ɗaya a rana zai ci ninkin haka. Ta fannin wuta, ajin E zai ci kimanin kilowat-awa 347 a shekara, ajin A kimanin 197, bambancin 150 ke nan. Magidanci ya duba faktir ɗinsa ya ga nawa ake sayar masa da kilowat-awa ɗaya, ya ninka. Idan alal misali sefa 100 ne, ajin E zai ci kusan jika 35 a shekara, ajin A kusan jika 20. A kan wannan sai a ɗora kuɗin sabulu da gishiri da gyara, da kuɗin injin kansa a raba shi a kan kimanin shekara 10. Ga mai ruwan pompo, kuɗin ruwan da aka rage da wuya ya biya kuɗin wutar. Ga mai saye wurin ƴan garuwa ruwan ya fi tsada, amma shi ne kuma wanda ba shi da tiyon da zai haɗa injin.

Ga wanda ya riga ya mallaka

A jira injin ya cika kafin a kunna. A kankare ragowar abinci da cokali a zuba ma dabbobi, ba tare da ɗauraye kwanukan a pompo ba, domin ɗaurayar tana iya cin ruwa fiye da wankin duka. A riƙa amfani da tsarin eco a wankin yau da kullum, a bar mai zafi sosai sai sau ɗaya a wata don ya narkar da maiƙon da ya taru a ciki. A ciro matata a wanke ta duk mako, a duba hujin hannuwan feshi, musamman inda ruwa ke zuwa da yashi. Idan wanki ya ƙare a ɗan buɗe ƙofa, busasshiyar iskar ƙasar nan tana busar da kwanuka cikin ɗan lokaci. A jera kwanuka suna kallon ƙasa ba tare da ɗaya ya rufe ɗaya ba, domin wankin da aka maimaita ya ninka ruwa da wuta.

Kafin a saya

Mai saye ya duba farantin bayanai da ke gefen ƙofar injin, ya tabbatar an rubuta volt 220 zuwa 240 da hertz 50, irin wutar Nijar. Injinan da aka yi don kasuwar Amurka na volt 120 ne da hertz 60, kuma an tsara su ne a haɗa su da tiyon ruwan zafi na gida. Idan na gwanjo ne, a nemi a kunna shi da ruwa a ga yana ɗumamawa, yana zubarwa, kuma ba ya yoyo. A tambaya ko akwai mai gyaran irinsa da kayan gyaransa a garin, da inda ake samun sabulunsa, domin araha ba ta ado idan injin zai koma ma'ajiyar kwanuka bayan wata shida.

Wanda injin ya fi yi ma amfani shi ne gidan abinci, ƙaramin otal, ko babban gida mai yawan faranti da kofuna, mai ruwa da wuta tsayayyu. Gidan da ke wanke-wanke da roba biyu kuwa ya riga ya kusa kai ma'aunin da kamfanonin Turai suka shafe shekaru suna nema ta fannin ruwa. Abin da injin zai ƙara masa shi ne hutun hannu da tsabtar ruwan zafi, kuma farashin wannan yana rubuce a faktir ɗin wuta na kowane wata.